Yadda ake kai 'yan koleji ziyarar kimiyya: madatsar Lagdo, gidan gurza da abin da ke ƙofar makaranta

Yaron Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, ya san ɗaukewar wuta tun bai san baƙi ba. Amma a tambaye shi inda wutar take fitowa, turken waya zai nuna. Amsar tana nan kusan kilomita 50 kudu da Garwa, a Lagdo, inda aka tare kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982. Malamin kimiyya da ke koyar da 'yan 6e zuwa 3e (azuzuwa huɗu na farkon sakandare, 6e ne ƙarami, 3e babba) yana da wannan madatsa, da gidajen gurzar auduga na kamfanin SODECOTON, da masana'antar siminti ta Figil, da filayen sola na Gider da Marwa, duk a arewacin ƙasar. Matsalar ita ce yawancin irin wannan fita tana ƙarewa ne da hoto da ciye-ciye: injiniya ya yi ta zuba Faransanci na minti arba'in, yara goma na gaba sun ji, sauran suna baya suna kallon tsuntsaye.

Maganin wannan ƙa'ida ce ƙwaya ɗaya, kuma duk shirin da ke ƙasa a kanta ya tsaya. Wuri ɗaya a yini, tambaya ɗaya, sannan kowane yaro ya dawo da lambar da ya auna da hannunsa. Tambayar Lagdo, alal misali: ruwa nawa ake bukata a daƙiƙa ɗaya kafin inji guda ya ba da cikakkiyar wutarsa? Ta gidan gurza: a buhun audugar da manomi ya kawo, nawa ne zare, nawa ne angurya?

Lokaci da takardu

A sa rana tsakanin Nuwamba da farkon Fabrairu. Damina ta wuce, hanyoyin ƙasa sun bushe, tafkin Lagdo yana cike, gurza ta kankama. Makon 11 ga Fabrairu na bikin matasa ne, yara na faretin gwaji, ba za a same su ba. Daga Maris zuwa Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, kuma 'yan 3e sun fara shirin BEPC, jarrabawar gama koleji. A duba kalandar azumi, a kauce wa Juma'a. In hazo ya yi kauri a makon tafiya, a tanadi takunkumin hanci ga masu asma.

Takardar neman izinin ziyara ta fita makonni shida kafin ranar. Shugaban makaranta ne ke sa hannu, ba malamin darasi ba, domin tashar lantarki ko masana'anta ba ta amsa wa mutum ɗaya. A rubuta ranar da ake so da wata rana ta biyu, yawan yara da shekarunsu, sunayen manya da lambar katin ɗan ƙasa na kowannensu, darasin da ziyarar ta shafa, da roƙon izinin ɗaukar hoto a rubuce. Madatsa wuri ne da jami'an tsaro ke gadi, wayar da aka ɗaga ba izini tana iya tsayar da ayari duka a ƙofa. Kwafi ɗaya ya je ofishin delege, wato wakilin ma'aikatar ilimin sakandare a yankin. In wurin na wata ƙaramar hukuma ne, a sanar da supirefe, wato jami'in mulkin can. A jihar Arewa Mai Nisa, duk abin da ya kusanci iyaka ko yankin Waza a bar shi sai hukumar tsaro ta ce a je.

Takarda kaɗai ba ta isa ba. Malamai biyu su je wurin da ƙafarsu kwana goma kafin tafiya, su ga inda mota za ta tsaya, inda akwai inuwar da za ta ɗauki mutum talatin, makewayi, wurin alwala, da asibitin da ya fi kusa. Su zauna da injiniyan da zai yi bayani, su ba shi tambayoyin yara a rubuce, su roƙe shi kada bayani ɗaya ya wuce minti goma. Su kuma tambaye shi ko injunan za su yi aiki ranar. Gidan gurza da aka tsayar don gyara ba shi da abin nunawa sai ƙarfe.

Takardar iyaye ta ƙunshi lokacin tashi da na dawowa, lambar wayar malami, da gurbin da za a rubuta ciwon yaro: sikila, asma, farfaɗiya. Iyaye da yawa ba sa barin 'ya mace ta yi nisa sai sun san wace babba ce za ta raka ta. A sa sunan malama ko uwa daga ƙungiyar iyaye da malamai (APEE) a jikin takardar tun farko, sai a ga 'yan matan da aka ce ba za su je ba sun cika kujerunsu.

Mota, ruwa, yawan manya

Aji mai yara 80 ba ya tafiya rana ɗaya. Motar bas ƙirar Kosta tana ɗaukar mutum kusan 30 a zaune, wannan kuma shi ne adadin da ɗakin injuna zai iya karɓa in an raba su kashi uku. A raba ajin zuwa ranaku. Kowane yaro da kujerarsa, ba mai zama a kan cinyar wani, ba mai tsayuwa. A ga inshorar motar da takardar binciken lafiyarta da ido kafin a biya kafin alƙalami, a duba taya har da safaya. Babba ɗaya ga yara goma, a bakin ruwa babba ɗaya ga yara shida. Direba ba ya cikin lissafi.

Kuɗi: hayar mota, ruwa, abinci, fotokofin takardar aiki, sannan a ɗora kashi goma cikin ɗari don abin da ba a zata ba. A raba jimillar a kan yaran da iyayensu za su iya biya, abin da ya rage a kai wa APEE. Wanda aka bari a gida don sefa dubu ɗaya, sau da yawa shi ne wanda bai taɓa fita garin ba.

Ruwan sha lita 2 ga kowane yaro a lokacin sanyi, lita 3 in rana ta fara zafi. Yara 25 da manya 5 ke nan jarka uku zuwa biyar masu lita 20. A tsayar da kowa ya sha duk bayan awa ɗaya, domin yaro ba ya cewa yana jin ƙishi sai jiri ya kama shi. A akwatin agaji a sa bandeji, filasta, sabulu, audugar mata da ƙunshin ORS. In ORS ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abincin da ba ya lalacewa a zafi ya fi: burodi, ƙwai dafaffe, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dabino. Shinkafa da miya da aka rufe a leda tun asuba kan kawo ciwon ciki a hanyar dawowa.

Tufafi kuwa, takalmi sau-ciki, ban da silifa. Hijabi ko mayafi a cusa bakinsa cikin riga, a bar malum-malum da gyale mai lilo a gida. Bel da ke juyawa ba ya tambayar kowa kafin ya ja.

Darasi biyu kafin a tashi

Wannan shi ne sashen da ake tsallakewa, kuma shi ya fi komai amfani. Yaron da bai taɓa ganin ƙaramin abu a aji ba, babban zai ba shi mamaki ne kurum.

Gwaji na farko: gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi. A huda ta wuri uku a layi ɗaya, santimita 3 da 10 da 17 daga gindi, da ƙusa ɗaya da aka gasa a wuta domin hudojin su zo daidai. A liƙe da salatif, a cika ruwa, a cire murfin, a ɗora a bakin teburi, a ɓare salatif lokaci guda. Ruwan hudar ƙasa zai fi na sama nisa, saboda ruwan da ke kansa ya fi yawa. Abu biyu ke ɓata gwajin. In an bar murfi a rufe, iska ba ta shiga ta sama, ruwan ba zai fita yadda ya kamata ba. In an ajiye gorar a ƙasa maimakon bakin teburi, ruwan hudar ƙasa zai taɓa ƙasa kafin ya yi nisa, sai yara su rubuta akasin gaskiya. Daga nan ne za su gane dalilin da gindin madatsa ya fi samanta kauri, da dalilin da ake ajiye injuna can ƙasa.

Gwaji na biyu: ƙaramin mota, wato ɗan injin da ke juya kaset a tsohuwar rediyo, wanda ake samu wurin masu gyara, da jan ƙwan LED guda. A haɗa ƙafafun ƙwan da wayoyin motan, a naɗa zare a sandarsa, a fizge. Ƙwan zai ƙyasta. In bai kama ba, a juya ƙafafun, don LED hanya ɗaya take karɓar wuta. Jan ƙwai ya fi sauƙin kamawa, volt biyu sun ishe shi, fari yana bukatar kusan uku. A buɗe wani motan da ya mutu yara su ga mayen ƙarfe da naɗin jan ƙarfe. Abin da ke Lagdo ke nan, sai dai can ruwa ne ke fizgar zaren.

A darasin nan kuma a rubuta kalmomi biyar ko shida da injiniya zai faɗa da Faransanci, a fassara su da Hausa da Fulatanci. In ya ce débit, yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya yake nufi. In ya ce hauteur de chute, tazarar da ke tsakanin fuskar tafki da inda ruwan ke fita ƙasa. Waɗannan biyun su ne lambobin da za a roƙe shi. A raba yara biyar-biyar, kowa da aikinsa: mai awo, mai agogo, mai rubutu, mai zane, mai tambaya. Takardar aiki shafi ɗaya, da fensir. Biro yana bushewa a ƙura.

A Lagdo

A tashi Garwa ƙarfe shida da rabi, a ware awa ɗaya da rabi ga hanya. A ƙirga yara da suna lokacin shiga mota, da duk lokacin da aka bar wani wuri. Ƙirgar kai tana yaudara, sai an ji amsar kowa.

Tsawon madatsar mita 308, tsayinta mita 40. Injuna huɗu ne, kowanne megawat 18, jimilla 72. Kafin a faɗa wa yara tsawon, a sa su auna takunsu: kowa ya taka mita 10 da aka auna da tef, ya ƙirga, sannan in an yarda a bi ta kan madatsar ya ƙirga takunsa daga gefe zuwa gefe. Lambobin za su sha bamban, wannan bambancin shi ne darasin. Tsayin turken lantarki a auna shi da inuwa, daga wajen shinge: sanda mai mita ɗaya a tsaye, a auna inuwarta, a auna ta turken, a raba ta turken da ta sanda. A yi shi kafin ƙarfe goma, a fili mai daidai. Da tsakar rana inuwa gajeruwa ce, kuskuren santimita biyu yana zama mita, ranar hazo kuma bakin inuwar ba ya fitowa sosai.

A ɗakin injuna ƙara ba ta barin a ji magana, don haka bayani a waje, kallo a ciki. Yara goma, babba a gaba, babba a baya, hannu a aljihu, ba mai tsallake layin da aka shata a ƙasa. In hulunan kwano goma ne, goma ne za su shiga. Masu tambaya su nemo abu huɗu: injuna nawa ke juyawa yau, débit na inji ɗaya, tazarar faɗuwar ruwa a yau, da megawat nawa allon ke nunawa.

Lissafin a yi shi a inuwa, nan take. Mita kubik ɗaya lita 1,000 ce, jarka 50 ke nan, nauyin tan guda. In wannan ruwa yana faɗowa mita 10 a kowace daƙiƙa, yana ɗauke da ƙarfin kilowat 98. Ƙa'idar ita ce 9.8 sau yawan ruwa sau tsayi. A ce injiniya ya ba da tazarar mita 20, kuma inji yana mayar da kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin zuwa wuta: kafin a sami kilowat 18,000 sai mita kubik kusan 102 sun wuce a daƙiƙa, sama da jarka 5,000. Yarinyar da ke ɗebo ruwa da jarka kullum ba ta bukatar a yi mata ƙarin bayani. 'Yan 6e da 5e a tsaya musu a jarkoki da ƙwayayen fitila (megawat 72 za su kunna ƙwai miliyan 7.2 masu wat 10), 'yan 4e da 3e su yi lissafin gaba ɗaya da lambobin ranar.

Ƙa'idar nan ce kuma ke amsa tambayar da kowane yaro ya taho da ita. In damina ta gaza, tafki ya yi ƙasa, ruwan da za a saki ya ragu, tazarar faɗuwa ma ta ragu, lambobi biyun da ake ninkawa sun sauka tare. Haka aka yi ta fama da rabon wuta a arewacin Kamaru a 2021. Laka da kogi ke kwasowa tana cike gindin tafki sannu a hankali, tana rage wurin ajiya. In ruwa ya yi yawa kuma dole a buɗe ƙofofi, kamar a 2012, sai garuruwan da ke ƙasa har Yola da gaba su sha ambaliya. A bar yara su yi gardama a kan wannan: yaushe ya kamata a saki ruwa, wa ya kamata a fara sanarwa. A wurin taransifomomi, daga bayan shinge, a nuna musu layin volt 110,000 da ke fita, a tambaye su me ya sa ake ɗaga wutar haka alhali soket na gida 220 ne. Amsar ita ce wutar da aka ɗaga ƙarfinta ba ta ɓacewa da yawa a zafin waya a doguwar tafiya.

In lokaci ya rage, ƙaramin magudanin noman rani a ƙasan madatsa yana ba da awo mafi daɗi. A shata mita 10 a bakinsa, a jefa ɓawon lemo, a auna daƙiƙoƙi da agogon wayar malami, sau uku, a ɗauki matsakaici. Malami ne ke auna faɗi da zurfi da sanda. Ɓawon da ya yi daƙiƙa 20 yana gudun rabin mita a daƙiƙa. Faɗi mita ɗaya, zurfi santimita 40, ya ba da lita 200, a ninka da 0.8 domin ruwan ƙasa da na gefe bai kai na sama gudu ba, ya zama lita 160, jarka takwas a daƙiƙa. Kara mara nauyi bai dace ba, iska ke tura shi. Ba yaron da zai sa ƙafa a ruwa, ko don alwala: akwai tsargiya a ruwan yankin, tafkin kuma yana da dorina da kada. Kwalekwale ba ya cikin shirin, ko masunta sun ce kyauta ne. A yi azahar da ruwan jarka, a kama hanya ƙarfe biyu da rabi, a isa gida rana na sama.

Gidan gurza

SODECOTON tana nan tun 1974, hedikwatarta a Garwa, kuma 'ya'yan manoma sun san audugar tun daga gona. Abin da ba su gani ba shi ne abin da ke faruwa bayan babbar mota ta wuce sikeli. Kafin ziyara, kowace ƙungiya ta karɓi giram 20 na auduga mai 'ya'ya, ta ɓare da hannu, a auna zare daban, angurya daban a ƙaramin sikelin kicin, a rubuta minti nawa aikin ya ci. Kada a ba su giram 100, darasi zai ƙare ba su gama ba. Zaren zai zo wajen kashi 40 cikin ɗari, angurya fiye da rabi. A masana'anta su bi audugar: bututun da ke zuƙo ta daga mota, injin da ke kakkaɓe datti, zartunan da ke fizgar zare ta tsakanin ƙarafan da angurya ba ta iya wucewa, sai matsi da ɗaurin dila. Su karanta nauyin dila, su auna minti nawa ake yi tsakanin dila da dila, su lissafa kwana nawa ajinsu zai yi yana ɓarewa da hannu kafin ya haɗa guda. Angurya kuma ita ce ke zama man Diamaor da abincin shanu. Haɗarin wurin ƙura ne da gobara da bel. Ashana ko leta ba ta shiga, mai asma ya tsaya a wajen sikeli ya rubuta nauyin motoci cike da wofi.

Figil ta fi dacewa da 'yan 3e, saboda zafi da ƙura da manyan motoci. Ana gasa dutse a murhun da ke kai digiri 1,450. Ko daga nesa aka tsaya, a samo ɓarɓashin dutsen, a kankare shi ya zama gari, a ɗiga ruwan lemun tsami: zai yi kumfa, tsakuwar dutsen gini ba za ta yi ba.

In babu kuɗin mota

Rijiyar burtsatse mai sola a unguwa tana koyar da rabin abin da filayen Gider da Marwa za su koyar, kuma da ƙafa ake zuwa. A aro faifan sola mai wat 100 da maltimita, wato mitar awon wuta, daga mai gyara. A rana tsaka faifan da ake kira na volt 12 zai nuna wajen 21 ko 22 in ba a haɗa shi da komai ba. A mayar da wayar mita ramin 10A, a auna ampiya, wajen biyar zuwa shida. A rufe gida ɗaya tak na faifan da littafi, a sake auna ampiya, a kwatanta da awon farko. A auna faifan da ƙurar hunturu a kansa, a goge, a sake aunawa. A karkata shi kudu kamar digiri 10, gwargwadon matsayin Garwa da Marwa, sannan a juya shi arewa a gwada. Kuskuren da ke kashe mita shi ne a manta waya a ramin 10A a je auna batir. Malami ya riƙa mayar da ita da hannunsa bayan kowane awo. A famfon kuma a auna daƙiƙa nawa jarka ke cika da ƙarfe tara, da sha biyu, da huɗu.

Washegari, kafin lambobin su yi sanyi, kowace ƙungiya ta rubuta nata a allo, layi ƙarƙashin layi. Inda ƙungiya ɗaya ta sami tsawon madatsa mita 250, wata 340, kada a goge ko ɗaya. A sa su nemo inda bambancin ya shigo, galibi taku ne ya gajarce da aka gaji, ko an ɓata ƙirga aka ci gaba da ƙiyasi. Maki a bayar a kan takardar aiki da bayanin kuskure. Wasiƙar godiya ta fita cikin mako guda da sa hannun shugaban makaranta, a haɗa da zane biyu ko uku na yara da lissafin jarkoki. Kwafin duk takardun, da sunan ofishin da ya amsa, da awannin da hanya ta ci, a sa su a fayil ɗaya a ofishin makaranta domin rukuni na biyu da zai tafi mako mai zuwa.